Shuɗi biyu a Watalu

Sati uku na yi a kan 'yan kwalayen da ke wakiltar rundunoni a wasanmu na kan tebur, inda muke kwaikwayon yaƙin Watalu na 18 ga Yuni 1815, wanda Ingila da Purushiya suka gwabza da Faransa ta Napoliyon. Kowanne rabin inci: akwati mai gicciye sojan ƙasa ne, mai layi ɗaya a karkace mahaya, mai ɗigo a tsakiya igwa. Na buga, na manna da gam, na yanka da reza har yatsana ya ba da gudummawar jini. Ingila ja, ba gardama. Faransa shuɗi. Purushiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, ita ma shuɗi amma mai duhu, don haka rigunansu suke, ni kuma mai bin tarihi. A fuskar kwamfuta bambancin kamar dare da rana. Firinta dai ba ta yarda ba.

Wasa ya yi nisa, lokacin shigowar Bulusha, kwamandan Purushiya, daga gabas ya yi. Na jera masa rundunarsa a gefen taswira, na tashi wanke hannu. Kafin in dawo, Napoliyon ɗinmu, wato mai riƙe da Faransa a wasan, mutum mai saurin hannu, ya kwashe su kaf ya afka wa Welintan, kwamandan Ingila, da su. Welintan ya riƙe kai. Mai Purushiya kuwa, da ya yi awa biyu yana jiran wannan lokaci, yana ta leƙa ƙarƙashin tebur yana neman sojojinsa.

Na ce, "Kai, ajiye! Ba naka ba ne."

Ya ɗauki ɗaya nasa, ɗaya na Bulusha, ya haɗa su a gaban hancina. "To malam mai zane, wanne ne wanne?"

Na duba. Na kai kusa da fitila. Na cire tabarau, na mayar. Ɗaki ya yi tsit, har ɗan lido aka ajiye. Na nuna na dama da cikakken ƙarfin gwiwa na ce wannan ne Bapurushe. Aka juya bayansa, ga sunan dakarun tsaron Napoliyon, da rubutun hannuna.

Amma duk dariyar ba ta ƙona min rai kamar mutuminmu na kan kujerar kusurwa ba. Shekara nawa yana zuwa, bai taɓa jefa ɗan lido ba, bai taɓa yanka kwali ɗaya ba, sai sharhi. Wai shi zai kare ni. Ya gyara zama ya ce ai na fi kowa bin tarihi, tunda ranar ma Napoliyon ya sa an yaɗa wa sojojinsa cewa Gurushi, wani kwamandansa, shi ne ya iso da agaji, alhali Gurushi na can garin Wabar yana fama da wasu 'yan Purushiyan. Gaskiya ya faɗa, shi ne abin haushin. Kuma shi ne ya ari almakashina tun bara.

Yanzu 'yan Purushiya toka-toka ne. Tawada ta ƙare a rabi, don haka sauran mahayan Bulusha suna nan farare tukuna.