Daren da Goggo ta taso mana

Yaya da Anti sun tafi biki Zariya, aka bar min yara uku da Goggo. Bayan isha'i yaran suka matsa sai na sa musu fim. Na laluba YouTube na ci karo da Night of the Living Dead na George Romero, baƙi da fari, tsoho tukuf. Kyauta ma yake, don masu rarraba shi sun manta da sa alamar haƙƙin mallaka lokacin da suka sauya masa suna. Ni da abin kyauta kuwa kun sani.

Abin haushin, na san tarihinsa, har lacca na yi musu. Na ce ranar 1 ga Oktoban 1968 aka fara haska shi a Pittsburgh, saura wata guda Amurka ta fara tsarin tantance fim ɗin da yaro zai shiga. Aka yi ta sayar wa yara tikiti da rana tsaka, suka zauna suna kallon matattu na gwaguyar naman mutane, ga yarinya ta kashe uwarta da cokalin magina. Roger Ebert, mai sharhin fina-finai a Shikago, ya rubuta yadda ya ga wata 'yar kamar shekara 9 ta ƙame a kujera tana hawaye. Ga jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne yana ba Turawa umarni, a shekarar da aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya sha da ƙyar har gari ya waye, sai Turawa 'yan sintiri suka ɗirka masa harsashi a goshi. Na ƙara da cewa kada kowa ya tsorata, jinin nan duk ruwan cakulan ne. Na gama wannan bayani kaf, sannan na kunna wa yara da hannuna.

Daidai inda yarinyar ta miƙe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ɗif, aka ɗauke wuta.

Sai na ji sharr... sharr... daga tsakar gida. Ana jan ƙafa ɗaya. Labule ya ɗaga, wani farin abu ya shigo, hannu biyu a miƙe yana lalube, yana nishi. Jama'a, ban san lokacin da na haure kujera mai zaman uku ba. Na kurma ihun da ni kaina ban san muryata na kaiwa can ba, siririya kamar ta amarya. Na fisgo Auta, ɗan shekara 7, na kare kaina da shi. Na buɗe baki zan ja Ayatul Kursiyyu, wallahi addu'ar cin abinci ce ta fito. A gaban mai cin mutane!

"Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Man zafina nake nema, gwiwar nan ta hana ni sakat."

Goggo ce da farin hijabinta na salla. Auta ya waiwayo a natse ya ce, "Baffa, ba kai ka ce cakulan ba ne?" Cikinsu babu wanda ko gezau ya yi, babbar ma tambaya take yaushe za a kawo wuta a ƙarasa.

Duk wannan da sauƙi, da maƙwabcin nan namu bai faɗo da taɓarya yana "ina ɓarayin" ba. Shi ne wanda ya riƙe min caja tun ƙaramar salla. Ya dalle ni da tocila tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a wandona. Zoɓo ne ya zube, na rantse, kofin ma yana nan a kife. Amma kafin azahar ya kai labari majalisa, ya ƙara gishiri wai har suma na yi aka yayyafa min ruwa. Mutumin da ɓera ya taɓa kora daga shagonsa, ya kwana a masallaci. Yanzu in na zo wucewa sai ya miƙe hannu yana jan ƙafa, mai shayi na taya shi.

Anti ta dawo ba ta ce min uffan ba, rimot kawai ta ɗauke. Man zafin kuma ashe a ƙarƙashin matashin da nake zaune yake. Cajar dai har yau shiru.