Alhaji Zai Shiga Babban Gida

ALHAJI: Hajiya, ɗaga wayar nan, hancina kawai nake gani. Yauwa. Kai ɗan boko, tunda biza ta fito na yanke shawara. Za mu zo Ann Arbor ta Amurka mu ga jami'ar nan ta Michigan da ke cinye min jari, mu kalli ƙwallo, mu juya. Wanne ne babban wasanku?

ƊAN BOKO: Wanda muke yi da jami'ar Ohio State, Baba, a ƙarshen Nuwamba. Shekara ɗaya a nan ake yi, shekara ɗaya a garinsu, Columbus. Amma ga zuwan farko gara wasan Satumba da wata ƙaramar makaranta. Tikiti da sauƙi, gari kuma da ɗumi.

ALHAJI: Ƙarama? Tun da kake, ka taɓa ganin na sayi ƙyalle a Kwari? Babban za mu je.

ƊAN BOKO: To yau za a sayi tikiti. Na wannan wasan yakan kai ɗaruruwan daloli kowane ɗaya.

ALHAJI: A bakin ƙofa zan saya. Mutum ya ga idona, na ga nasa, ya ce albarka, na ce sallama.

ƊAN BOKO: Babu wanda za ka taya. A waya tikitin yake. Kuma tun a otal za ka sauke shi cikin wayar, don idan mutane suka taru a bakin fili intanet tsayawa take yi cak. Wayar ta kwana a caji.

ALHAJI: Mutum nawa ne da har za su tsayar da intanet?

ƊAN BOKO: Filin na ɗaukar 107,601. Babu wanda ya kai shi girma a Amurka, shi ya sa suke ce masa Babban Gida. Ya kusa ninka na Abuja.

ALHAJI: Ƙarya kake. Na ga hotonsa, ko tsayin shagona bai yi ba.

ƊAN BOKO: A rami aka haƙa shi tun 1927. Idan ka shiga, gangarawa za ka yi, ba hawa ba.

(Alhaji ya yi shiru. A rayuwarsa bai taɓa biyan kuɗi don a gangarar da shi ba.)

HAJIYA: Masauki fa?

ƊAN BOKO: Nan ne ciwon, Umma. Otal-otal na cikin gari sukan cika watanni kafin wasa, su tsuga kuɗi, da yawa kuma sai ka kama kwana biyu ko da ɗaya kake so. Sai mu duba Ypsilanti, ko kusa da filin jirgin Detroit, wajen kilomita 40 daga nan. Ko Dearborn, inda Larabawa suke da yawa, abincin halal ko'ina.

ALHAJI: Wato direbobin tasha ranar jajiberin Sallah. Ashe har can zuri'arsu ta kai. A ɗakinka zan kwana.

ƊAN BOKO: Mu uku ne a gidan, banɗaki ɗaya.

ALHAJI: Su biyun su je wajen 'yan'uwansu.

ƊAN BOKO: Ku sauka ranar Juma'a da safe. Akwai masallaci a titin Plymouth, mu yi Juma'a, mu zaga makaranta. Komawa kuma Lahadi. Kada a sayi jirgin Asabar da yamma, don yawancin wasanni ba a sanin ƙarfe nawa za a fara sai saura kwana 12, wani lokaci 6. Gidajen talabijin ne ke yankewa.

ALHAJI: Mutum dubu ɗari da 'yan kai, da digirorinsu, suna jiran mai kyamara ya gaya musu lokacin karin kumallo?

ƊAN BOKO: Na Ohio State dai an saba yin sa ƙarfe 12 na rana.

ALHAJI: To mu fito ƙarfe 1. Babban mutum ba ya riga taro zuwa.

ƊAN BOKO: Ƙarfe 8 na safe za mu fito. Daga babban titin I-94 zuwa fili motoci ba sa motsi. Akwai wurin ajiye mota na kuɗi a sakandaren Pioneer, tsallaken titi, da filayen golf, amma idan an yi ruwa akan rufe na golf saboda ciyawa. Mutanen unguwa ma suna sayar da farfajiyar gidajensu, a riƙe tsabar dala saboda su. Ana buɗe ƙofa awa 2 kafin wasa.

ALHAJI: Direba zai ajiye ni a ƙofar manya. Ka gaya musu na taɓa saya wa ƙungiyar unguwarmu riguna goma sha ɗaya da ƙwallo biyu.

ƊAN BOKO: Ba su da wannan ƙofar, Baba. Lambar sashe, lambar layi, lambar wuri.

ALHAJI: To su wa ke shiga kyauta?

ƊAN BOKO: Masu buga wasan.

(A gida lissafin a juye yake. Mai hali ya shiga kyauta da 'yan rakiya goma, talaka ya biya ya tsaya a rana.)

ALHAJI: Hajiya, a goge min jar babbar rigar nan, mai aska takwas.

ƊAN BOKO: Ja? Baba, ja da ruwan toka launin Ohio State ne!

ALHAJI: Su suka ƙirƙiri ja? Shadda ce 'yar gaske, mai ɗinki ya yi wata uku a kanta.

ƊAN BOKO: Za ka zauna tsakiyar mutum dubu ɗari masu shuɗi da rawaya. Ba za su taɓa ka ba, amma kunnenka zai ji jiki.

ALHAJI: To kore da fari, tutar ƙasata.

ƊAN BOKO: Na Michigan State ne, abokan hamayyarsu na cikin jiha.

ALHAJI: Ikon Allah! Akwai launin da mutanen nan ba sa gaba da shi?

HAJIYA: Ni dai ina da atamfa shuɗiya mai ratsin rawaya.

ƊAN BOKO: Ke kam kin gama shiri, Umma.

ALHAJI: Jar zan sa. A san na zo.

ƊAN BOKO: Ko ka sa ba mai gani. Ƙarshen Nuwamba ruwa na iya daskarewa, a wasan 2021 dusar ƙanƙara aka yi ta zubawa. Ana buƙatar dogon wando na ciki mai ɗumi, safa biyu, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, da jibgegiyar riga a sama. Takalmi rufaffe, don daga mota zuwa ƙofa tafiya ce.

ALHAJI: Sai na ɗora babbar rigar a kan jibgegiyar.

ƊAN BOKO: Benci ne, ba kujera ba, ba wurin jingina. Wurin kowa ɗan tsukuku. Hannun rigarka kaɗai zai cinye wurin mutum biyu.

ALHAJI: Su matsa. Ni na ce a haife su da yawa?

HAJIYA: Zan zuba kilishi da dambu a jaka, da filas na shayi.

ƊAN BOKO: Ba a shiga da jaka, Umma. Ko 'yar ƙaramar hannu.

HAJIYA: Ko ta Makka?

ƊAN BOKO: Ko ita. Ba lema, ba kwalba, ba abincin waje. Waya da kati a aljihu. Idan ana ruwa, rigar leda. Matashin soso na zama ana bari, in ba shi da aljihu ko ƙarfe.

ALHAJI: Butata fa?

ƊAN BOKO: A mota. Kuma wanda ya fita ba ya komawa da tikitinsa. Ka yi alwala tun a waje. Wasan zai ƙare wajen 3 da rabi, rana ta faɗi wajen 5, kai kuma matafiyi ne, ka haɗa azahar da la'asar da mun fito.

ALHAJI: Daga 12 zuwa 3 da rabi? Minti casa'in ɗin fa?

ƊAN BOKO: Ba irin tamu ba ce. Zubi huɗu ne, minti 15 kowanne, da hutun minti 20 da 'yan badujala ke cika fili. Sauran lokacin agogo a tsaye yake, ana talla.

ALHAJI: Awa ɗaya ta kaya, awa biyu da rabi ta talla. Ko ni ban kai nan ba.

ƊAN BOKO: Mutum 11 kowane ɓangare. Da hannu ake ɗaukar ƙwallon. Ana ba ka dama 4 ka ci gaba yadi 10, in ka ci a sake ba ka 4. Ka kai ta ƙarshen fili maki 6, ka buga ta tsakanin sanduna maki 3.

ALHAJI: Yadi 10? Babbar riga ɗaya kenan. Ƙarti goma sha ɗaya da hular kwano, sau huɗu, su kasa auna abin da yarona ke aunawa yana hamma! Golan fa?

ƊAN BOKO: Babu gola.

ALHAJI: Alƙalin wasa ba ya hura hannu?

ƊAN BOKO: Kada ka yi ihun hannu, Baba, don Allah. In ka ji kowa ya ce "Go Blue", ka bi.

HAJIYA: Cin abinci fa, tunda an hana dambuna?

ƊAN BOKO: Tun safe za ku ga mutane sun buɗe bayan motoci suna gashi, suna kiɗa. Suna da kyauta, za su miƙo muku. A tambaya tukuna, don yawancin tsiran nan nasu dogaye naman alade ne, abin da ke cikin jan kofi kuma ba zoɓo ba ne. Dambun a ci shi a wajen mota, nan ba mai hanawa.

ALHAJI: Ka ce a wajen mota ana ciniki?

ƊAN BOKO: Ba ciniki ba, kyauta.

ALHAJI: Mutum dubu ɗari, duk shuɗi da rawaya, duk suna rawar sanyi... Hajiya, bandir nawa ya rage na shuɗiyar nan da ta ƙi tafiya tun bara?

HAJIYA: Alhaji, ƙwallo za mu kallo.

ALHAJI: Ke da yaron ku gangara ramin. Kai, fasa tikitina. Tambayo min nawa mutanen unguwar suke ba da hayar farfajiya.

ƊAN BOKO: Sai da lasisi ake kasa kaya, kuma bizarka ta ziyara ce.

ALHAJI: To mayar da tikitin. Kuma a goge jar.