Mai da Takobinka Cikin Kube

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Akwai wani hali da yake neman zama mana jiki a cikin zumuntarmu, wato mu rera waƙar salama da ƙarfi a sujadar safiyar Lahadi, amma kafin la'asar wayoyinmu sun cika da hotunan gawawwaki da saƙonnin ingiza mutane ga ramuwa, muna ta turawa ba tare da mun tambayi inda aka ɗauki hoton ko shekarar da abin ya faru ba.

Ban raina zafin da ke zukatanku ba, domin da yawa cikinmu mun binne 'yan'uwa, wasu kuma har yau ba su koma gonakin iyayensu ba. Sai dai ku tuna cewa Bitrus ma yana da hujja a daren da aka kama Yesu, tunda mara laifi aka zo kamawa. Duk da haka, da ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Ubangiji ya umarce shi ya mai da takobinsa cikin kube, sannan ya taɓa kunnen mutumin da ya zo tare da masu kama shi, ya warkar da shi. Bangaskiyarmu tana ba mu ikon yin haka ne saboda ta ɗauke mana nauyin ramuwa. Manzo Bulus ya faɗa wa Romawa a sura 12 cewa sakayya ta Allah ce, kuma wanda ya gaskata da wannan da gaske, hannunsa ya kuɓuta, yana iya miƙa shi ga maƙwabcinsa.

Ku dubi Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, yana cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa, kuma a nan ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, amma kada ku ɗauka cewa gafara ta sauko wa Fasto a rana ɗaya. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna tafiye-tafiyen aiki tare alhali zuciyarsa tana raya masa ya hallaka abokin tafiyar, har sai da wani bawan Allah ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Wannan ɓangaren labarin ya fi ƙarfafa ni, domin ya nuna cewa mai ƙulla sulhu ma yana kokawa da kansa. Daga baya su biyun suka taimaka aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2005.

Gafara ba ta hana neman adalci. Ku kai ƙara, ku ba da shaida, ku faɗi gaskiya ko da muryarku tana rawa, amma kada ku ɗora laifin ɗan bindiga a kan mai shayin unguwarku don kawai sunansu ya yi kama.

A Matiyu sura 5, Yesu ya ce idan ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, kowannenmu ya nemi mutumin da ya daina gaisarwa, ko cikin ƙungiyar mawaƙa yake ko a shagon da ke kallon gidanku, ya je da ƙafarsa ya yi masa sallama. Idan ya kau da kai, ka koma washegari.