Ranar da Na Wanke Tarihin Gombe da Omo

Ni dai da niyyar alheri na yi, a fara rubuta wannan kafin a yanke mini hukunci.

Ɗan ƙanwata, autansu, yana karatun ilimin duwatsu a jami'a a Zariya. Tun da ya shiga nake tsokanarsa: 'ya'yan mutane na karatun likita da lauya, kai ka zaɓi tsakuwa. Bara da damina ya dawo daga Gombe, inda suka yi mako biyu suna yawon daji, ya sauka gidana a Tudun Wada ta Kaduna da wani buhu da sai da muka kama shi mu biyu. Har na fara sa albarka, na ɗauka tsarabar wake ce. Ina buɗewa sai duwatsu, kowanne an manna masa farin salatif da lamba. Ya ce, "Kawu, a ajiye mini a sito, zan je in gaida Umma in dawo jibi. Aikin kammala karatuna ne."

Daren nan aka kwana ana ruwa irin na Agusta, kwanon sito kuwa shekara uku ke nan ina cewa gobe zan kira kafinta. Da safe buhu ya jiƙe sharkaf, ga laka. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko baho da omo da soson ƙarfe. Salatif ɗin ya riga ya fara ɗagowa, sai na ƙarasa shi, don ban ga abin da dutse zai yi da bandeji ba. Na wanke su tas, na jera a dakali daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan makarantar allo, na ja da baya ina yaba kaina.

Kafin la'asar jerin ya fara raguwa. Uwargida ta zaɓi wani mai garje-garje ta ce ya fi dutsen goge kaushin da take saye a Kasuwar Barci. Yara suka kwashe ƙanana suna 'yar carafke. Ɗaya ya tafi tokare ƙofar kicin. Sai ga surukata ta shigo, idonta ya faɗa kan wani mai kama da ƙahon rago a nannaɗe. Ta ja da baya tana salati: "Wa ya jefo muku wannan?" Nan take ta ƙulle shi a leda za ta kai wa malam. Da ƙyar na karɓe, bayan na yi alkawarin za a yi sadaka.

Da yaron ya dawo ya tsaya a gaban dakali, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kawu, ina lambobin?"

"Wane lambobi? Dattin nan? Ai na wanke maka."

Ƙato da gemunsa ya zauna daɓas a ƙasa. Sai da ya sha ruwa kofi biyu sannan ya iya magana, kuma don ya san ni ɗan kasuwa ne, da yadi ya buga mini misali. Ya ce idan na jibge yadi a shago, wanda ya fara zuwa shi ke ƙasa, sabo yana sama. Haka ƙasa take: laka da yashi suna kwanciya hawa-hawa, su daskare su zama dutse. Su sun bi tudu ne daga gindi zuwa ƙoli suna ɓallo ɗaya-ɗaya, lambar ita ke nuna wanda ya riga wani.

Ya ɗauki wani mai manyan ƙwayoyin yashi ya nuna mini layuka a karkace a jikinsa. Wannan daga tsaunin Bima ne, in ji shi, kogi ne mai ƙarfi ya zubar da shi, karkatar layin ma tana faɗin inda ruwan ya nufa. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce Kudancin Amurka ta rabu da Afirka, tsagar ta yi reshe ta bi ta Binuwai har Gombe, ƙasa ta lotsa, koguna suka yi ta juye yashi a kwarin. Daga baya yashin ya yi laushi ya gauraya da laka, alamar bakin gaɓa. Sannan teku ya shigo.

Na ce, "Teku a Gombe? Garin da na sayi jarkar ruwa wurin mai kura?"

Bai ce komai ba. Ya kwance ledar surukata, ya ciro ƙahon ragon. Ashe wata dabbar teku ce dangin dodon koɗi da ta ƙare a duniya tuntuni, daga dutsen farar ƙasa na Ashaka, wanda ake siminti da shi. Ya ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba, dutse ya hau kumfa yana tsuwa. Surukata da ke leƙe ta taga ta ƙara wani salatin. Ya ce wajen shekara miliyan 90 baya tekun nan ya ratsa Sahara ya haɗe da na arewa, har a Sakkwato an tono ƙasusuwan wani dodon ruwa da aka raɗa wa sunan Goronyo. Bayan nan ƙasa ta matse, hawa-hawan suka lanƙwashe kamar tabarmar da aka tura da ƙafa.

Sai ya dubi jerina. Babban da na sa a gaba na teku ne. "Kawu, a lissafinka teku ya riga kogi, gaɓa kuma tana tokare da ƙofar kicin."

Don in sauya zance na tambaye shi ko za a tona tsakar gidana, tunda na ji a irin wuraren nan aka samu man fetur a Kolmani. Ya ce in cire rai. Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, wanda ya haura shekara miliyan 500, ba mai, ba ƙahon rago. Nan na gane abin da ya sa masu haƙa burtsatse suka ƙara mini kuɗi sau biyu, ni kuwa na yi ta tsine musu.

Allah ya taimaka ya ɗauki hoton kowane dutse a waya, ga littafinsa na daji. Kwana uku muna zaune da tocila, shi yana duba hoto, ni ina juya dutse kamar mai neman tabo a shadda. Yara suka dawo da nasu bayan na saya da biskit. Duk suka samu lamba sai na 7.

Uwargida ta fito da shi daga banɗaki a sanyaye, ya yi sumul, ya kusa rabi. Yaron ya juya shi ya juya, bai ga layi ko ɗaya ba. Ta ce ya yi haƙuri, wallahi ba ta sani ba. Har ta kai ƙofa ta juyo: "Auta, in za ka koma Gomben, ka taho mini da irinsa biyu, ɗaya na Hajiya."