Kafin ka ɗaga motarka, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta

Jama'a, akwai wani yayi da ya shigo mana Marwa da Garwa, nan arewacin Kamaru, kuma na kasa yin shiru a kansa. Matashi zai samu Hilux ko Land Cruiser, ko wata ɗaya bai yi da ita ba sai ka gan shi a gareji yana cewa a ɗaga masa ita santimita 10, wani ma 15. Ka tambaye shi dalili, ya ce ai hanyar Kuseri ce. To, hanyar nan na san ta. Shekara 14 ina bin ta, Mora, Waza, Dabanga, rani da damina. Ra'ayina kuwa bai canja ba: santimita 5, wato inci 2, ya ishi kusan kowa a cikinmu.

Bara cikin watan Agusta ƙanina ya kira ni da la'asar. "Yaya, mota ta zauna." Wata biyu ke nan da wani gareji ya ɗaga masa ita santimita 10 da guntayen ƙarfe. Na same shi ya ratse daga kwalta ya faɗa cikin baƙar lakar nan ta karal, wadda in ta sha ruwa take kama taya kamar danƙo. Manyan motoci sun riga sun haƙa kwari biyu, tudu a tsakiya. Jikin motar yana can sama tsaf, ko laka bai taɓa ba. Amma diferenshiyal, wato tulun da ke tsakiyar aksul na baya, ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin biyu, ya hau tudun ya zauna daram, tayoyi na ta juyawa a banza. Sai bayan isha muka fito da ita, da shebur da taimakon mutanen ƙauye, Allah ya saka musu da alheri.

Abin da masu ɗagawa ba sa gaya wa mutane ke nan. In ka ɗaga sifirin, jikin mota da shasi ne suka tashi. Aksul yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ka ƙara take ba ka: ka bar mai inci 31 ka koma mai 33, tulun ya tashi inci 1 kacal, santimita 2 da rabi. Babbar taya kuma tana da nata haraji, mai ya ƙaru, birki ya rage kamu, mota ta yi nauyin tashi.

Sannan ga abin da ke lalacewa a ɓoye. Hilux ɗin yanzu kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, sandunan da ke kai mata ƙarfi kuma an ƙera su ne su yi aiki kusan a miƙe. Da ka wuce santimita 5 sai su karkace, robar da ke rufe gaɓar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Land Cruiser 79 mai aksul guda a gaba ta fi juriya, amma ita ma in ta yi sama da yawa sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan titi, farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, ta fara rawa. Tiyon birki kuma ya miƙe tamau duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami. Wannan na tiyon birki shi ne ke hana ni barci, wallahi, don rayuka ne a ciki.

Mu kuma ba a fanko muke tuƙa motocinmu ba. Buhunan albasa, jarkokin mai, taya ta biyu a kan rufi, fasinja a baya. Duk santimitar da ka ƙara, nauyin nan gaba ɗaya ka tura shi sama. Wanda ya taɓa bin hanyar Mokolo zuwa Rumsiki, inda mota ke kishingiɗa a gefen dutse, ya san yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa in ta fara jirkicewa.

Ba na cewa kar a taɓa mota sam. Ɗan ɗagawa yana hana hanci da gindi bugun ƙasa wajen gangarawa cikin mayo, wato rafin da ke kawo ruwa da damina, da hayewa, yana kuma ba taya sarari. Sai dai yawancin motocinmu sifirin ɗinsu ne ya gaji ya kwanta. Ka loda mata kayan da ka saba ɗauka, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin modigad, gaba da baya. Ka sayi sifirin da ya dace da wannan nauyin, da shokabsoba mai tsawon da ya yi daidai da shi, a daidaita maka ƙafafu, a sauke fitilu kada ka riƙa kashe wa masu babur ido da dare. Yashi kuwa, rage iskar taya ke fid da kai. Mayo in ya kawo ruwa yana gudu, ka jira ya janye, tsayin mota ba ya hana ta tafiya da ruwa.

Ƙanina ya cire guntayen ƙarfen nan bayan damina. Wani dattijon bakanike ya sa masa sababbin sifirin, ya bar ta a santimita 5. Ran da muka je ɗaukar ta na ce, "Baba, ba za a ƙara ko kaɗan ba?" Ya girgiza kai, ya miƙa wa ƙanina makulli, ya ce ya je ya nemo shebur mai kyau da igiyar ja ya ajiye a bayan kujera.