Wannan layin me yake yi?

Assalamu alaikum, ƙannena masu rubuta manhaja.

Makon jiya wani yaro da muke aiki tare ya jawo kujera kusa da ni yana murmushi, ya juyo min da laftof ɗinsa. Lissafin shekara ya yi. Kwas 11 ya kammala, satifiket jere reras, na yarukan rubuta manhaja, ga Python, ga JavaScript, ga Go, wai har Rust ya fara taɓawa. Na yi masa barka, domin tsakani da Allah yaro ne mai ƙwazo, kuma ina ji da shi. Bayan kwana biyu manhajar da yake kula da ita ta daina karɓar kalmar sirrin wasu mutane. Muka buɗe fayil ɗin tare. Na ɗora yatsa a kan wani layi na ce, wannan me yake yi? Shiru. Na gangara na ƙasa da shi. Shiru. Can ya ce, "Yaya, haka na same shi, kuma yana aiki."

Tun ranar maganar nan take ci min rai. Haka na same shi! Layi talatin da wani abu, da sunansa a kansu, shi ya tura su, amma ko ɗaya ba zai iya faɗin aikinsa ba. Ya tambayi na'ura, ta ba shi, ya kwafa ya liƙa, ya ga babu jan rubutu a allo, ya wuce. To me aka koya a kwas 11 ɗin? Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar da abu ya lalace ita ce ranar da mai kaya yake zuwa karɓar abinsa.

Kada wani ya ce ina ƙin aro. Duk wanda ya ce bai taɓa ɗauko kod ɗin wani ba, ƙarya yake yi. Sana'ar tamu a kan aikin juna take tsaye. Abin da nake faɗa da shi shi ne ɗauka ido rufe. A Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, akwai wani guntun kod na Java da aka rubuta a 2010, mai mayar da girman fayil zuwa yadda mutum zai karanta cikin sauƙi. Bincike ya nuna shi ne aka fi kwafa a cikin kod ɗin Java na shafin. A 2019 wanda ya rubuta shi da kansa ya fito ya ce akwai kuskure a ciki: ka ba shi 999,999, sai ya ce maka 1000.0 kB maimakon 1.0 MB. Shekara tara mutane suna jidarsa suna zubawa cikin aikinsu, wa ya tsaya ya gwada shi a bakin iyaka? Kowa ya ga yawan masu yabo ya sakankance.

Wannan ƙarami ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi a karon farko, ba ta kai minti guda a sama ba ta tarwatse da tauraron ɗan'adam huɗu a cikinta. Dalili? An ɗauko manhajar da ke auna matsayi da gudun Ariane 4 aka ɗora mata, tun da can tana aiki lafiya. Sabuwar rokar gudunta ya bambanta, sai wata lamba ta yi girman da ba za ta shiga gurbi mai bit 16 ba, gurbin da iyakarsa 32,767. Abin takaicin, ɓangaren da ya jawo masifar ba a ma buƙatarsa bayan an tashi. Injiniyoyi ne fa ƙwararru, su ma "yana aiki" ce ta ci su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In wannan ya samu waɗanda suka san abin da suke yi, ina ga kai da ba ka karanta ko sunan aikin da ka liƙa ba?

Kuma ku daina ɗora laifin a kan ƙirƙirarriyar basira. Kafin ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 halin nan yana nan, kawai dai da sai ka yi ɗan yawon nema, yanzu har gida ake kawo maka. Ni ma ina amfani da ita, tana rage min wahala. Amma tana iya ba ka sunan laburare, wato tarin kod da wani ya riga ya rubuta don a ɗauka, wanda babu shi a duniya, cikin natsuwa kamar malami a gaban ɗalibai, kai kuma ka ce amin. Wanda ya san aiki zai gane nan take. Wanda bai sani ba zai kwafe saƙon kuskuren ya mayar mata, ta ba shi wani, ya sake liƙawa, a yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure wa ido, har yamma. Saƙon kuskuren nan fa yawanci ya faɗi sunan fayil da lambar layi ƙarara. Karantawa ce ba a yi.

Bari ma in taɓa wani abu tun da na zo nan. Wannan ɗabi'a ta kallon bidiyon koyarwa da gudu ninki biyu, ana danna waya da ɗaya hannun, don dai a kai ƙarshe satifiket ya fito, ita ma 'yar gidan ce. Haka masu tura mabuɗin sirri na rumbun bayanai zuwa GitHub, shafin ajiye kod, a fili, don a misalin da suka kwafa nan aka sa shi. Haka wanda ya shekara ɗaya da rabi a aiki ya laƙaba wa kansa babban injiniya. Sauri ya haifi nawa, ƙannena.

Sai jidar laburare. Abin da za ka rubuta da hannunka cikin minti biyar, sai ka jawo kayan wani da ba ka san shi ba, shi ma ya jawo na wasu goma. A Maris 2016 wani ya janye ƙaramin kod ɗinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun laburaren JavaScript, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a hagun rubutu. Manyan ayyukan da suka dogara da shi, irin su Babel, suka kasa haɗuwa, dubban mutane suka tsaya cak. A Disamba 2021 da ɓarakar tsaro ta Log4j, wani laburaren Java, ta bayyana, kamfanoni da yawa tambayar farko da ta gagare su ita ce: shin muna ma amfani da shi? Ba su sani ba. Haka suka same shi.

Me za ku yi? Ku karanta, ku tsaya, ku ji kunyar tura abin da ba ku gane ba. Ban san yadda ake koya wa mutum wannan kunyar ba, mu dai a wurin na gaba da mu muka tsince ta. Lokacin da na fara, in ka kawo aikinka, babba zai zaunar da kai ya sa ka bi shi layi bayan layi da bakinka. In ka yi tuntuɓe a ɗaya, ka koma. Intanet ɗin ba ta da ƙarfi, misalin da ke cikin littafi da hannu kake buga shi, ka yi kuskure, ka kwana neman inda waƙafi ya ɓace. Ana jin haushi, amma abin yana zama a ka. Mutum zai shekara biyar a kan C, yaren da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro tun wajen 1972, bai ce ya iya ba. In ka tambaye shi me ya koya bana, zai ce maka ya gano dalilin da ya sa wata tambaya ta SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, take jan ƙafa, kuma zai yi awa guda yana ba ka labarin da daɗin rai. Yanzu masu duba aikin ma sun gaji, ko su ma na'urar suke miƙa wa. Mai rubutu bai karanta ba, mai dubawa bai karanta ba, sai dai mai amfani da manhajar ya karanta a jikinsa.

Yaron nan mun gyara matsalar tare. Layi biyu ne suke datse duk kalmar sirrin da ta wuce wani tsawo kafin a kwatanta ta, wanda ya rubuta misalin don wata buƙata tasa ya sa su. Ya ce ya gane, ya yi godiya sosai. Jiya na leƙa lissafin nasa na shekara, ya ƙara yaren Kotlin a ƙasa.