Dutse ya zauna daram, famfo kuwa babu mai taɓawa

Mutum biyu ne suka zo ɗora mana sabon dutsen kantar kicin a nan Ingila, kuma kafin azahar sun gama. Da na ga suna tattara kaya, sai na ce wa babbansu, tunda ga sinki ya zauna, ga kan famfo sabo a kwalinsa, ya taimaka ya ɗaura mana kafin ya wuce. Cikin ladabi ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Ya zaro takardar da na sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan layin da ya faɗi haka. Ya ƙara da cewa ko mai famfon ma kada ya taɓa sai an yi awa 24, gam ɗin da ke riƙe da sinkin ya bushe. Maganar gam na yarda da ita. Amma a ce mutum da hannunsa da kayan aikinsa ya bar iyali babu ruwa a kicin, kuma ko a jikinsa, abin ya sosa min rai ƙwarai.

Bari in ba ku yadda aikin yake a nan, don wanda bai gani ba zai ɗauka aikin yini ɗaya ne. Dutsen ba shi ake farawa da shi ba. Sai kafinta ya gama kafa kabad-kabad na ƙasa, ya ɗaure su, ya daidaita kawunansu, sannan kamfanin dutse ya turo mai awo. Wani yana zuwa da na'urar leza a kan ƙafa uku, wani kuma da siraran katako yana manna su har ya fitar da siffar kantar da duk karkacewar bango. Ranar awon dole sinki da kan famfo da murhu su kasance a gidan, domin girman kowane rami daga jikinsu za a ɗauka. A ranar kuma za a tsayar da inda mahaɗa za ta faɗo, wato wurin da ɓangarorin dutsen biyu za su haɗu, da irin gefen da kake so, da kauri, milimita 20 ko 30. Daga ranar ƙofa ta rufe. In ka canza sinki, ko ka matsar da kabad ɗaya ko da faɗin yatsa ne, awo ya lalace, kuma kai za ka biya a sake.

Daga nan sai jira, galibi mako ɗaya zuwa biyu, ana yanka dutsen a masana'anta. Idan an riga an cire tsohuwar kantar, to duk wannan lokacin gida ba shi da wurin girki, wanke-wanke kuma sai a banɗaki. Wannan ne ba sa faɗa wa mutum da ƙarfi lokacin da suke nuna masa samfur masu sheƙi.

Ranar ɗorawa ana so ka kwashe komai, ka cire durowoyin sama, ka buɗe hanya daga mota har kicin, yara su yi nesa. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai wajen kilo 80 a kowace murabba'in mita, kuma a tsaye ake ɗauko shi, a kan gefensa. In aka kwantar da shi, siririn wurin da ke gaban ramin murhu ko na sinki yana iya karyewa nan take. Na tsaya na kalli yadda suka yi mahaɗar. Ƙaramin ya kwaɓa gam kala biyu a kan guntun kwali, yana ɗiga launi kaɗan-kaɗan yana kara shi a jikin dutsen har ya saje. Suka shafa a bakin, suka ɗora wani ƙarfe mai kofunan roba da ke tsotse dutsen, suna murɗawa a hankali har ɓangarorin biyu suka haɗe. Da ya fara ƙarfi ya kankare da reza. Na bi wurin da farce, da ƙyar na ji layin.

Murhun gas ma ba su taɓa ba. Doka ce a ƙasar nan, sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, ta masu izinin aikin gas. Ka ga ke nan kanta ɗaya ta tara kafinta, mai awo, masu ɗorawa, mai famfo, mai gas, sai kuma mai tayil idan cire tsohuwar ya fasa bango, wanda yakan faru. Kowa da ranarsa, kowa da takardarsa, kuma idan wani abu ya ƙi daidai kowa zai nuna maka na gabansa. Mai gida shi ne ya zama ɗan kwangila ba da saninsa ba.

Ba zan hana su haƙƙinsu ba. Aikin ya yi kyau, sun zo a lokacin da suka ce, sun share wurin. Sun yi min bayani ba ɓoye-ɓoye: giranit yana son a riƙa shafa masa maganin toshe ƙofofinsa lokaci-lokaci, mabul ba ya shiri da abu mai tsami, shi kuwa kwaz, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa niƙaƙƙen dutse ne da aka haɗa da roba, ba ya son a dire masa tukunya daga wuta.

Sai dai abin da na gani da idona bai sa na raina ma'aikatanmu na gida ba, sai ma ya ƙara min ganin girmansu. Wanda ya yi mahaɗar nan bai yanka komai da hannunsa ba. Kwamfuta ce ta karanta awo, inji ya yanka, inji ya goge. Namu kuwa kun san shi: tef ne da fensir a kunne da giranda guda, bango a karkace, ƙasa ba a daidaice ba, amma ya fitar da aikin. In ya ga famfo na ɗiga ba zai wuce ba, in ma bai iya ba zai kira wanda ya iya, ya tsaya a kansa har a gama, don yana ganin sunansa ne a kan kicin ɗin gaba ɗaya. Kuma in wani abu ya taso bayan shekara, ka san inda za ka same shi, ya san ka, ya san mahaifinka.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na zauna da 'yan'uwanmu a nan suna cewa ai ma'aikatan gida ba su iya komai ba. Su ne fa za su biya Bature duk abin da ya rubuta ba tare da sun ce uffan ba, su jira shi mako biyu, su gode masa. In sun koma gida kuwa, sai su yi ta ciniki da bawan Allah har ya karɓi abin da ba zai saya masa sabon faifan yanka ba, su ce kuma gobe suke son aikin. Araha ba ta ado, kowa ya sani, amma laifin a kansa ake ɗorawa.

Akwai ma abin da ya fi wannan ci min rai. A nan yawancin yankan a masana'anta ake yi, da ruwa na zuba a kan faifan, saboda ƙurar dutsen nan tana kashe huhu. Ciwon silikosis ake kiransa, ba ya warkewa, kuma ƙurar kwaz ta fi haɗari. Ostireliya ta kai ga haramta irin wannan dutsen haɗin daga 1 ga Yulin 2024 saboda samarin da ya kwantar. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ga yaran da ke durƙushe a tsakar gini suna yanka dutse a bushe, fari fat har gashin ido, da tsumma a hanci in an samu. Mai gidan da ya iya sayen giranit ba zai gaza sayen takunkumi na ƙwarai da jarkar ruwa ba. Mu da muke aika kuɗin gini daga nan mun fi kowa sanin wannan, domin mun ga yadda ake kare huhun wasu, kuma har yau hoton dutsen kawai muke cewa a turo mana a waya, ba ma tambayar da me aka yanka shi.